Injiniyancin muhalli a Damagaram: karatun da ka fito da shi, da binciken da za ka iya kai wa ƙarshe

Ajin masta na fannin ruwa da muhalli ba ya tara mutane iri ɗaya. A benci guda za ka tarar da wanda ya yi lisansi a kimiyyar sinadarai, da wanda ya karanci ilimin duwatsu, da wadda ta fito daga nazarin halittu, da mai takardar gine-gine, ga kuma ɗan labarin ƙasa da ɗan aikin gona. Yawancinsu bak D ko C suka riƙe, ƴan labarin ƙasa kuwa sau da yawa bak A. Takarda mai suna ɗaya za su fita da ita, amma ba tambaya ɗaya kowannensu zai iya amsawa ba. Nan ne ɗalibai da dama ke asarar shekara: su ɗauki batun memuwar, wato rahoton binciken kammala karatu, don sunansa ya yi daɗin ji, ba su duba ko karatunsu na baya, da kayan labo da ke hannu, da watannin da suka rage za su kai su ƙarshensa ba.

Ɗan Damagaram mai son wannan fanni yakan fara a Jami'ar André Salifou nan gida, ko a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko a Maraɗi. Mai son zurfafawa yakan wuce EMIG, makarantar ma'adinai da masana'antu da ilimin duwatsu, ko AGRHYMET, cibiyar nazarin noma da ruwa da yanayi, duka a Yamai, ko makarantar 2iE a Wagadugu. Wanda ya iya Ingilishi yana da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, mai sashe na musamman kan albarkatun ruwa da injiniyancin muhalli. Duk inda aka je, in an dawo, garin ne ke ba da tambaya.

Zinder a kan dutse take zaune. Manyan duwatsun da ke tsaye cikin Birni su ne dai ke shimfiɗe a ƙarƙashin gari, kuma irin wannan dutse ba ya riƙe ruwa sai a inda ya tsage ko ya rube daga sama. Ruwan sama bai wuce wajen milimita 400 a shekara ba, rana kuma tana iya busar da ninkin haka sau da yawa. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa aka mayar da babban birni Yamai a 1926, kuma har yau daga nesa ake jawo ruwan pampo, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram. Shi ya sa kusan duk binciken muhalli da za a yi a nan, ko da na shara ne, sai ya komo kan ruwa.

Wanda ya karanci duwatsu shi ne ya fi kowa sa'a wajen samun batu. Aikinsa neman tsagar da ke ɗauke da ruwa: ya duba hoton tauraron ɗan'adam ya ga layukan tsaga, ya je fili ya kafa sandunan ƙarfe ya tura lantarki cikin ƙasa, inda wutar ta ratsa da sauƙi ya sa alama. Abin da ke yaudararsa yumɓu ne, don shi ma yana barin wuta ta wuce alhali ba ya ba da ruwa. Abu na biyu gwajin zuƙo. Foraj a cikin dutse yakan ba da ruwa sosai a awoyin farko, sannan ya faɗi da zarar tsagar ta zube abin da ta tara. Gwajin awa biyu ko uku ba ya nuna haka. Ana bukatar awa 24 zuwa 72 ana zuƙa ba tsayawa, sannan a kashe injin a auna yadda ruwan ke komowa, da farko minti-minti, daga baya awa-awa. In kuma a watan Oktoba aka yi gwajin, a rubuta haka ƙarara cikin rahoto, don lissafin ƙarshen damina ba shi ne na watan Mayu ba, kuma a Mayu ne mutane ke layi da bido.

Ƴan kimiyyar sinadarai yawanci ingancin ruwan sha ke jan su, kuma a nan ne muke ganin aiki mai kyau na lalacewa tun kafin kwalba ta isa labo. Ruwan da ya kwana cikin bututun foraj ba shi ne ruwan ƙasa ba. Sai an zubar da ninki uku na abin da bututun ke ɗauke da shi, ko a ci gaba da zuƙa har ma'aunin gishiri da na pH, wato tsamin ruwa, su daina motsi. Bututu mai faɗin milimita 110 yana ɗaukar wajen lita 9 da rabi a kowace mita. In ruwa ya kai mita 20 a ciki, lita 190 ke nan, ninki uku lita 570. A wurin ake auna pH da zafi da yawan gishiri, ba bayan an yi awa biyu a kan moto ba. Kwalbar da za a nemi ƙarafa a cikinta ana ɗiga mata asid na nitirik har pH ya sauka ƙasa da 2, in ba haka ba ƙarfen ya kwanta ko ya manne a jikin kwalba. Ta fulorayid kuwa roba ce, ba gilashi ba.

Iyakokin Hukumar Lafiya ta Duniya kowa ya haddace su: fulorayid miligiram 1.5 a lita, nitirat miligiram 50. Abin da ba a haddace ba shi ne na'urar auna launi tana iya ba da nitirat ta hanya biyu, ko nitirat gaba ɗaya ko nitirojin da ke cikinsa kawai, kuma tsakaninsu ninki 4.4 ne. Ɗalibi ya ga 20 a allo ya rubuta cewa rijiya lafiyarta lau, alhali ainihin adadin ya kusa 90. A duba abin da na'urar ke nunawa kafin a cika tebur. Sannan a yi lissafin daidaito tsakanin sinadarai masu caji na ƙari da masu na ragi. In bambancin ya wuce kashi 5 cikin 100, akwai abin da aka auna ba daidai ba, a sake. Wannan ba ƙaƙale ba ne. Abin da ya sami yaran Tibirin Gobir, waɗanda ruwan foraj mai yawan fulorayid ya lanƙwasa wa ƙasusuwa ya ɓata wa haƙora, gwaji ɗaya da aka yi da kyau kuma aka saurari sakamakonsa yana iya kare irinsa.

Daga aunawa wasu ke wucewa zuwa magani, kuma mun fi son irin wannan batu don kayansa na kasuwa ne. Ƙwayar zogale tana kwantar da laka kamar yadda alif ke yi. Gwajinta bai da wuya: kwalabe shida na lita guda-guda cike da ruwan tafki ɗaya, ta farko ba a sa mata komai, sauran a zuba musu garin ƙwayar miligiram 25, 50, 100, 150 da 200. A juya da ƙarfi minti biyu, a juya a hankali minti 15 zuwa 20, a bari ya kwanta awa guda, a auna gurɓacewar ruwan sama-sama. Sai dai a kwaɓa garin a ranar, don na jiya ya rage ƙarfi. Kuma zogale yana barin abincin ƙwayoyin cuta a cikin ruwa, in aka ajiye shi ya kwana suna iya ƙaruwa, yana kuma cinye kulorin da aka zuba daga baya. Memuwar da ta tsaya a kan "ruwa ya yi garau" ba ta gama aikinta ba. Gawayin ƙashi shi ma yana tsotse fulorayid, amma in wuta ta yi masa yawa har ya yi fari ƙarfinsa ya ragu, in ta yi kaɗan ruwan ya ɗauki wari da launi. Dole kuma a faɗa wa mutane ƙashin wace dabba ce tun farko, in ana so su sha.

Ƴan nazarin halittu nasu ƙwayoyin cuta ne, musamman E. coli, wadda bai kamata a sami ko ɗaya cikin mililita 100 na ruwan sha ba. Kwalba dafaffiya, kula mai ƙanƙara, a kai labo cikin awa shida in da hali, kada dai a wuce 24. In ruwan pampo ne mai kulorin, sai an sa tiyosulfat, sinadarin da ke kashe ƙarfin kulorin, a kwalbar, don in ba haka ba kulorin ɗin zai ci gaba da kashe ƙwayoyin a hanya, sakamako ya fito da tsabtar da babu ita. Ana tace ruwan a kan takarda mai ramuka na mikoron 0.45, a ajiye a zafin digiri 44 na awa 18 zuwa 24. Wutar lantarki in ta ɗauke tsakar dare, aikin ranar ya tafi. A nemi akwatin gwaji mai aiki da batir. Haka gwajin DBO5, mai auna ƙazantar ruwa ta yawan oksijin da ƙwayoyin cuta ke ci, wanda ke son digiri 20 cif har kwana biyar: a watan Afrilu da zafi ke haura 40, wanda bai da tabbacin wuta gara ya dogara da DCO, mai auna ƙazantar da sinadari, da ake gamawa cikin awa biyu. Tambayar da ta fi amfani a garinmu kuwa ba ta bakin pampo ba ce kaɗai. A bi ruwa guda daga pampo zuwa kurar ɗan garuwa, zuwa bido, zuwa randa, zuwa moɗa, a ga inda ya gurɓace. Sau da yawa a hanya ne.

Mai takardar gine-gine ya iya lissafin bututu da magudana da siminti, don haka ambaliyar unguwanni, da tafkunan cikin gari, da salanga su ne nasa. Ƙa'idar da aka koya masa ita ce a bar mita 30 tsakanin salanga da rijiya, ƙasan ramin kuma ya fi ruwan ƙasa tudu da aƙalla mita ɗaya da rabi. Wannan don ƙasa mai rairayi aka yi ta, wadda ke tace ƙazanta. A dutse mai tsaga ƙazanta tana bin tsagar ta yi nisa ba tare da an tace ta ba, shi ya sa ya kamata ya zauna da ɗan ilimin duwatsu kafin ya zana komai. Magudana kuma in an lissafa ta a kan ruwa kawai, aka manta da rairayi da leda, damina ɗaya ta ishe ta cika.

Shara ma ana bincikenta da sikeli. A ɗebo kamar kilo 100 daga juji, a gauraya a kan tampol, a raba huɗu, a ɗauki kashi biyu masu kallon juna, a sake, sannan a tankaɗe a ware. Abin da ke ba sabon ɗalibi mamaki yawan rairayi da toka, saboda tsakar gida ake sharewa. Wanda ya kwafo lissafin sharar Turai ya ce a ƙona ta a sami lantarki bai taɓa riƙe rariya a Sabon Gari ba. Leda ba ta da nauyi a sikeli amma ita ke toshe magudana, ita ke cika tumbin awaki, duk da dokar 2014 da ta hana shigo da ita da sayar da ita. A auna ta da nauyi, a kuma auna ta da girman wurin da ta ci. Ruwan majema shi ma batu ne na gida: na masu jima da bagaruwa da toka daban yake da na masu amfani da sinadarin kurom, kada a haɗa su a tebur ɗaya.

Ƴan labarin ƙasa ana yawan raina su a wannan aji don ba su san labo ba, kuma ba daidai ba ne. Su ne suka iya QGIS, manhajar zana taswira, su ne ke ɗauko hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2 kyauta, masu nuna fili mita 10-10, su bi yadda tafkin Gidimuni ke ja da baya ko yadda tudun rairayi ke matso wa kwaruruwan Gure. Su ne kuma suka iya tambayar mutane. Ruwa nawa gida ke sha a rana, ba maigida ake tambaya ba. Uwargida da yaran da ke ɗebowa su suka san bido nawa ya shigo da kuma nawa aka biya. A fara da gaisuwa wajen mai unguwa, a fassara tambayoyin zuwa Hausa tun a gida, a gwada su a gida goma kafin a buga ɗari uku. Abin da ya rage musu lissafin ƙididdiga ne da ɗan ilimin sinadarai, kamar yadda ƴan labo ke bukatar koyon taswira da magana da jama'a.

Matatar man SORAZ, mai tace ganga 20,000 a rana tun 2011, tana jan hankalin ɗalibai da yawa. Shawararmu a yi hattara. Auna man fetur cikin ƙasa ko hayaƙi cikin iska yana bukatar na'urori masu tsada, da izinin shiga, da samfurin kwatanci daga wurin da abin bai kai ba. Iska ma tana juyawa: ta hunturu daga arewa maso gabas, ta damina daga kudu maso yamma. Wanda bai da waɗannan a hannu kafin ya rubuta take, zai ƙare da ra'ayoyin mutane kawai a inda ake jiran awo. Mai sha'awar wannan ɓangare ya fara da karanta dokar muhalli ta 1998, da dokar ruwa ta 2010, da ta tantance tasirin ayyuka kan muhalli ta 2018 wadda BNEE, ofishin ƙasa mai wannan tantancewa, ke aiki da ita, don da su ake aiki a ofisoshin nazari.

Saura kalanda. Sitaj na masta, wato lokacin koyon aiki da bincike, wata huɗu ne zuwa shida, kuma in ya faɗa cikin rani kawai, ba za a ga abin da ruwan sama ke wankowa cikin rijiyoyi ba. In batunka ingancin ruwa ne, ka roƙi malaminka tun shekarar farko ya bar ka ka ɗebi zagaye ɗaya a Afrilu ko Mayu, ɗaya a Agusta ko Satumba, daga rijiyoyi iri ɗaya, kowace da lambarta da wurinta a GPS. Rijiya 15 da aka auna sau biyu da kyau sun fi 60 da aka auna sau ɗaya. Ka tambayi mai kula da labo sinadaran gwaji nawa suka rage da ranar da za su lalace, ka lissafa kuɗin mai da na ƙanƙara, ka ware kwalba ɗaya cikin kowace goma ta ruwa tsarkakakke da za ta bi ka fili ta dawo, don a gane ko hannunka ne ke gurɓata sauran.