Fargabar gwajin galahanga ga wanda ya manyanta

Wanda ya haura shekara 50 aka sa masa ranar da za a duba ko yana da galahanga (autism, yanayin da ke shafar yadda mutum ke mu'amala da jama'a), abu biyu ne suka fi hana shi barci: kada a ce masa lafiyarsa ƙalau, raki ne kawai, ko a tambaye shi ƙuruciyar da babu sauran mai ba da shaida a kanta.

Ba jini ake ɗiba ba, ba hoton ƙwaƙwalwa ake ɗauka ba. Hira ce da lura. Akan fara da takardar tambayoyi irin su AQ-10, mai tambaya 10, wanda ya samu maki 6 zuwa sama sai a tura shi cikakken bincike. Tantancewa ce kawai, ba hukunci ba. Daga nan sai zama da likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayya, wani lokaci da gwajin lura da hali mai suna ADOS-2, wanda kashinsa na 4 na manya ne, yakan ci minti 40 zuwa 60. Ana iya miƙo maka littafin hotuna a ce ka ba da labarinsa, ko a ce ka kwatanta yadda kake goge haƙora. Dattijo sai ya ga kamar an mai da shi yaro. Ba raini ba ne, kuma babu ci ko faɗuwa. Haɗa ido, motsin hannu da yadda hira ke gudana tsakaninku ake kallo.

Inda aka fi samun tangarɗa shi ne ɓoye hali. Mutumin da ya shafe shekara 40 yana haddace gaisuwa, yana murmushi a inda ya ga ana yi, yana kallon tsakanin girar abokin magana don a zaci ido yake kallo, haka zai yi a gaban likita ba tare da ya sani ba. Sai a ga mutum mai fara'a, a rasa abin da ke ƙasa. Maganinsa ka faɗi wahalar da kake sha: "Ina iya zama a taro, amma bayansa sai in kwana biyu ba na son magana da kowa." Kundin DSM-5 na 2013, jagoran da likitocin ƙwaƙwalwa ke bi wajen tantancewa, shi ma ya yarda cewa dabarun da mutum ya koya suna iya rufe alamomin.

Batun ƙuruciya ba don a wahalar da kai ba ne. Galahanga da ita ake tasowa. Halin da ya ɓullo a shekara 60 yakan sa a duba raunin ji, ciwon damuwa ko cutar mantuwa. Shi ya sa za ka yi ta jin "tun yaushe?" Idan iyaye sun rasu, yaya, gwaggo, ko tsohon katin makaranta mai sharhin malami duk suna amfani. In babu ko ɗaya, abin da ka tuna da kanka ma ana karɓa.

Ka rubuta shafi ɗaya ko biyu na misalai ka tafi da su. "Ba na son hayaniya" bai kai "ƙarar firij tana hana ni karatu tun ina yaro" ba. Ka haɗa da sunayen magungunan da kake sha. Tambayi zama nawa za a yi da tsawon kowanne, ka kuma nemi a rage hasken fitila ko a ba ka hutu a tsakiya. Idan aka ce ba galahanga ba ce, nemi rahoto a rubuce da dalilansa, domin da shi za ka je wa wani likitan in ba ka gamsu ba.