Rakiyar ɗan Yayata zuwa Asibitin Yara na Filadelfiya

Daga birnin Niyok na hau jirgin ƙasa na Amtrak da sanyin safiya, cikin kamar awa ɗaya da rabi muka isa babbar tashar Filadelfiya da ke bakin kogin Schuylkill. Yayata na tsaye tana jirana da ɗanta mai shekara 6, ta naɗe shi da rigar sanyi har wuya. Yaron yana da sikila, kuma kowa ya san yadda sanyi ke tayar da ciwon.

"Sauri za mu yi, ƙarfe 10 aka ba mu," in ji ta, ko gaisawa ba mu gama ba.

Asibitin, wanda mutanen garin ke ce wa CHOP, yana manne da Jami'ar Pensilbaniya, a can likitocinsa ke koyarwa. An kafa shi a 1855 da gado 12 kacal, bayan Dakta Francis Lewis ya ga asibitin yara na Great Ormond Street a Landan ya dawo da niyyar yin irinsa. Shi ne na farko a Amurka da aka keɓe wa yara. Yau unguwa guda ne, har da dogon benen bincike a tsallaken kogi. A nan ne su Dakta Paul Offit suka yi aikin rigakafin gudawar jarirai da aka amince da shi a 2006.

Mu ginin Buerger muka shiga, inda ake ganin waɗanda ba kwanciya za su yi ba. Gini ne mai launuka, amma ɗakin gwajin ne ya tsaya mini a rai. Aka kwantar da yaron, ma'aikaciyar ta shafa masa wani mai a gefen kai, gaban kunne, ta ɗora ɗan kan na'ura. Sai ga ƙarar jini na gudu, fuu, fuu, daidai da bugun zuciyarsa. Saurin gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa take aunawa. In ya yi yawa, alama ce jijiyar ta tsuke, yaro na dab da shanyewar ɓarin jiki, sai a soma yi masa ƙarin jini a kai a kai tun abin bai faru ba. Duk shekara ake wannan gwaji, daga shekara 2 zuwa 16. Babu allura, babu kuka. Shi dai idonsa na kan allo.

Da muka fito jiran likita, Yaya ta ba ni labarin farkon abin. Tun a asibitin haihuwa aka tsaga diddigensa aka ɗiga jini a takarda, kamar yadda ake wa kowane jariri a Amurka. Kafin ya cika wata 2 an san yana da ciwon, an sa shi a kan penisilin safe da yamma har ya kai shekara 5. Na tuna yaran unguwarmu da ba a gane ciwonsu sai hannu da ƙafa sun kumbura, ido ya yi ɗorawa, an sha jiƙe-jiƙen shawara an gaji. Najeriya ce kan gaba a duniya, ana ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ciwon duk shekara. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ɗigon jini da penisilin ba su fi ƙarfinmu ba.

Wanda ya daɗe yana jagorantar sashen sikila a nan ɗan Gana ne, Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, wanda ɗansa na fari ya zo da ciwon. Bai tsaya a Filadelfiya ba, ya kai gwajin jarirai Kumasi a 1995. Ya rasu a 2022. Ina ganin girmansa sosai saboda wannan komawa gida.

Akwai kuma sabon magani, Casgevy, da aka amince da shi a Amurka a Disambar 2023, likitocin wannan asibiti na cikin waɗanda suka gwada shi. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini a ɓargon mara lafiya, a gyara su a ɗakin bincike, a mayar masa. Kuɗinsa dala miliyan 2.2. Na ji daɗin samuwarsa, amma hankalina ya fi karkata ga binciken da aka yi a Asibitin Malam Aminu Kano da wasu asibitocin Kano da Kaduna, inda aka nuna ƙwayar hydroxyurea na kare yaran da gwajin gudun jinin ƙwaƙwalwa ya nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Ita ce kuma ɗan Yaya ke sha kullum.

Likita ta ce gudun jininsa lafiya lau, sai baɗi. Yaya ta yi hamdala, ta share ido da bakin mayafi.

A hanyar tasha ta kama hannuna. "In kin koma, ki je gidan Auta da kanki. Shi AS, matarsa AS, ga ta da tsohon ciki. Kada su jira suna, a gwada jaririn."

Na ce, "Yaya, ba sai na koma ba." Tun jirgi bai tashi ba na kira shi.