Sanda biyu da El Gran Combo

Yau da yamma a wajen koyon kiɗa wani yaro ya kunna tsohuwar waƙar El Gran Combo, ƙungiyar kiɗan salsa ta Puerto Rico, yana bin ta da gangar konga, sai malamin ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Hannun yaron ba laifi, amma ya shiga klabe a baibai. Klabe sanduna ne biyu na katako, bugu biyar ake yi da su a kowane zagaye: uku sannan biyu, ko biyu sannan uku. Fiyano, bes, bongo, timbales da kayan busa duk a kansa suke tafiya. In ka juya shi, ƙafar mai rawa ce ke fara ji tun kafin kunne ya gane.

Ƙungiyar El Gran Combo tun 1962 take riƙe da wannan bugu. Mai fiyano Rafael Ithier ne ya tara ta a Puerto Rico daga makaɗan ƙungiyar Rafael Cortijo, wadda ta watse bayan an kama mawaƙinta Ismael Rivera. Da farko kallon maciya amana ma aka yi musu. Cikin mawaƙan ƙungiyar, Pellín Rodríguez ya tafi a 1973, Charlie Aponte ya shigo. Andy Montañez ya koma Benezuwela a 1977, mutane suka ce shi ke nan, sai ga Jerry Rivas. Muryoyi sun yi ta sauyawa, lissafin biyar ɗin yana nan yadda Ithier ya ajiye shi. Ni dai har yanzu mamaki nake yadda malamin ya ji kuskuren yana can bakin ƙofa.