Laraba, ranar kasuwar Nima

Tun ƙarfe bakwai na fita, ko kokon da na sayo ban shanye ba, saboda amaryar ranar Asabar. Lalle nake nema mai kama hannu, da kurkum da lemun tsami na haɗin dilka. Wanda ya san kasuwar Nima ta Accra ranar Laraba ya san in ka makara sai dai ka riƙa kutsawa da kafaɗa tsakanin buhunan albasa da 'yan dako.

Na gama sayayya ina fitowa titi, sai wani yaro mai sayar da caja ya kunna sifika. Gangar nan da tafin nan kawai na ji, tun muryar ba ta shigo ba na gane. "Pon de Replay" ce, waƙar Rihanna ta farko. Na tsaya cak da leda a hannu, har wata mai tallar kose ta ce, "Hajiya, a ba mu hanya mana."

A 2005 waƙar ta fito. Rihanna na da shekara 17, ni ma haka, don a 1988 aka haife mu duka. Yayata, Allah ya jiƙanta, ita ta shigo mana da faifan gida, ɓoye cikin mayafi. Mukan jira Mma ta tafi makarantar dare, mu ja labule, mu kunna. A bidiyon, wani gidan rawa ne kiɗa ya yi ƙasa, mutane na zazzaune jiki a mace, sai ga yarinya siririya da 'yar riga ruwan zinari da wando burgujeje, tana ce wa mai sa kiɗan ya ƙara murya. Mu kuwa rage murya muke yi don kada Baban tsakar gida ya ji, mu matso dab da talabijin. Yaya ta fi ni iya rawar. Akwai yadda take karya kafaɗar hagu sau biyu kafin ta juya, wanda ba na cikin bidiyon ba ne, nata ne.

Da na koma shago na tarar da 'yar Yaya tana tankaɗe lalle. Bana ita ma ta cika 17. Tana da shekara uku uwarta ta rasu, tun lokacin tana hannuna. Na tambaye ta ko ta san waƙar. Ta ce, "Anti, Rihanna mai Fenty?" Abin da ta sani ke nan: attajira mai kayan kwalliya, wadda ta fito da hoda kala 40 a 2017. Ni ma a sana'ata na yaba da wannan, don mun daɗe muna fama da hodar da ke mai da fuskar baƙar amarya kamar toka. Amma raina bai so a ce iyakar abin da ta sani ke nan ba.

Na zaunar da ita a benci na ba ta labari. Barbados, ƙasar su Rihanna, ɗan tsibiri ne, mutanensa ba su kai dubu 300 ba, yawancinsu jikokin waɗanda aka kwasa daga gaɓar tekun nan tamu ne da maƙwabta. Shi ya sa da Firaministarsu Mia Mottley ta zo Cape Coast bikin 'yancin kan Ghana na 2022 aka karɓe ta kamar 'yar gida. Rihanna tana 15 wani mai shirya waƙa daga Amurka, Evan Rogers, ya je can hutu ya ji muryarta. Daga nan ta rera waƙar nan a gaban mawaƙi Jay-Z, shugaban kamfanin waƙa na Def Jam a lokacin, kamfanin ya ɗauke ta. Waƙar ta hau har mataki na 2 a jadawalin waƙoƙin Amurka na Billboard, wata waƙar Mariah Carey ce ta tare mata na ɗaya. Sunan ma ba Turancin makaranta ba ne, na mutanen tsibirinsu ne, wai a maimaita kiɗan. Ni har gobe na fi son ta a kan manyan waƙoƙin da ta yi daga baya, don a nan harshen garinsu bai bar bakinta ba, kuma kana ganin ƙuruciya a fuskarta.

Na nemo bidiyon a YouTube, na jingina wayar da kwalbar man zaitun. Hoton ya ɗan dushe, ba kamar na yanzu ba. Ta kalla shiru, hannunta duk kore da garin lalle. Da aka zo tsakiya sai ta miƙe tana gwadawa, tana dariya, ta karya kafaɗar hagu. Sau biyu. Ban taɓa nuna mata ba, kuma ba ta da wayo lokacin da uwarta ke yi.

Na juya na shiga gyara kwalaben da ke kan kanta don kada ta ga idona. Ta ce, "Anti, lafiya?" Na ce garin lalle ne ya shigar min. Ba ta yarda ba, amma ba ta ƙara tambaya ba, ta dai sake kunna waƙar. Sau uku muka ji kafin a kira azahar a masallacin layinmu, muka kashe.

Bayan isha'i na faɗa mata gaskiya. Ta ce gobe in nuna mata sauran rawar, yadda uwarta ke juyawa. Na ce to, in mun gama kwaɓa dilka.