Memorin da ya faɗo daga tsohuwar jaka

Asabar, bayan isha'i.

Da safe ina kakkaɓe tsohuwar jakata ta makaranta zan ba ƙanena, sai wani ɗan memori ya faɗo daga aljihun ciki. Na sa a waya, ta ƙi karantawa. Bayan azahar na kai wa mai gyaran waya na bakin kasuwa, ya goge shi da auduga da sifirit, ya zura a kwamfuta. Fayiloli suka fito rututu, yawancinsu ba suna, lamba kawai. Na uku da ya danna, tsigar jikina ta tashi. Tahoultine ce, waƙar Mdou Moctar, makaɗin gitar nan na Abzinawan Nijar.

Lokacin da muke tura wannan waƙa ta bulutut a bayan aji, ba wanda ya san sunan mai ita. Waƙar Abzinawa kawai muke cewa. Sai da na girma na ji cewa faifansa na farko, Anar, a nan Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin na'urar lanƙwasa murya ta waƙoƙin fina-finanmu. Shi ya sa ta shige mu nan da nan: harshen Tamashek ne, amma kayan da ta sa namu ne. Ba ta bi ta rediyo ko kantin faifai ba. Daga waya zuwa waya ta yi ta tafiya har arewacin Mali, inda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya kwafe ta daga wayoyin mutane, ya sa ta cikin tarin da ya kira Music from Saharan Cellphones. Daga baya ya nemo mai waƙar har ya same shi a Nijar, kamfaninsa na Sahel Sounds ya fara fitar da ayyukansa.

Da na dawo gida na zauna na jera faifan nan ɗaya bayan ɗaya. Afelan na 2013 da Sousoume Tamachek na 2017 na bi su da sauri, masu daɗi ne amma ba su na zo nema ba. A Ilana na 2019 ne abin ya zama ƙungiya sosai, aka kuma ɗauke shi a Ditiroyit ta Amurka: Ahmoudou Madassane yana riƙe da gita ta biyu, Mikey Coltun, Ba'amurke, yana kan bas, ga ganga tana kora su. Sai Afrique Victime na watan Mayun 2021, wanda Matador ya fitar, kamfanin da ya yi suna da ƙungiyoyin rok irin su Pavement da Yo La Tengo, waɗanda ba sa bin layin manyan gidajen rediyo. A nan na daɗe. Waƙar da aka sa wa faifan sunanta ta haura minti bakwai, tana farawa a hankali kamar raƙumi ya miƙe daga durƙuso, gangar Souleymane Ibrahim tana ƙara wuta, har gitar ta koma kururuwa. Sau uku na maimaita ta.

Masu sharhin kiɗa a Turai da Amurka sun yaba faifan ƙwarai, ya shiga jerin fitattun faifan 2021 a mujallu da dama. Na yi farin ciki da haka, wallahi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne laƙabin da suke ta manna wa Mdou na Hendrix ɗin Sahara, wato suna kwatanta shi da Jimi Hendrix, shahararren makaɗin gitar Amurka. To, bahago ne kamar Hendrix, gaskiya ne. Amma tun yana yaro ya haɗa gitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, Abdallah Oumbadougou, makaɗin gitar Abzinawa na Nijar, ya gani yana wasa, shi ya sa masa sha'awa. Wannan salon yatsun nasa daga takamba, wani kiɗan gargajiya na Abzinawa, da kiɗan gidan biki na Agadas ya fito. Ban ga dalilin da sai an jingina shi da wani kafin a ce ya iya ba.

Da la'asar na fita da ƙaramar sifika wurin dattijon da ke dafa shayi a ƙofar layinmu, mutumin Tawa ne, yana jin Tamashek. Na ce, "Baba, don Allah saurari wannan, ka faɗa mini abin da yake cewa." Na sa masa Imouhar daga Funeral for Justice na 2024. Ya ajiye butar a kan gawayi, ya sauke rawaninsa kaɗan daga kunne, bai ce uffan ba har ta ƙare. Sannan ya ce, "Yaro, faɗa yake wa 'yan uwansa kada su bar harshensu ya mutu." Ya yi shiru, ya ce jikokinsa biyu da aka haifa a nan Hausa kawai suke yi. Ban san me zan ce masa ba. Ya tsiyaya mini shayi daga sama har kumfa ta cika ɗan kofin.

A faifan nan na Funeral for Justice akwai Oh France, wadda ko ba ka jin harshen, sunanta ya gaya maka wa ake tuhuma. An gama ɗaukarsa kafin juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, wanda ya riski Mdou da ƙungiyarsa suna yawon wasa a Amurka, iyakoki suka rufe, suka kasa komawa gida. A wannan zaman jira ne suka sake ɗaukar waƙoƙin da gitar katako a Niyok, shi ne Tears of Injustice da ya fito a 2025. Baba ya ce wannan ya fi kwanta masa, ƙarar lantarkin nan tana sa masa ciwon kai. Ni kuwa har yanzu Afrique Victime ne nawa.

Kafin magariba ya miƙo mini ƙaramar wayarsa mai madannai, ya ce in zuba masa. Ba ta hawa intanet, don haka bulutut muka kunna, na tura masa guda shida, har da Tahoultine ta cikin tsohon memorin. Ya ce gobe zai kunna wa jikokin idan sun dawo daga Islamiyya.