Maganin kare na ɗiga wa magena, saura ƙiris na rasa ta

Har yau in na tuna daren nan jikina sanyi yake yi wallahi. Magena Toka shekararta 3 a gidanmu nan Aboabo, kuma duk shekara da ruwa ya sauka a Kumasi wajen watan Afrilu sai ta kama susa, ta yi ta lasar cikinta har gashin ya zube, in ka shafa wuyanta da gindin jelarta ka ji ƙananan ɓawon ƙuraje kamar an watsa mata gero cikin gashi. Ni duk a zatona ƙazuwa ce.

Wata shekara abin ya yi yawa sai na biya wani shagon magungunan dabbobi, yaron shagon ya miƙo min irin wanda ake ɗigawa a ƙeya, ga hoton kare ɓaro-ɓaro a jikin kwalin. Na gani fa da idona. Na ma tambaye shi, ya ce Hajiya ai duk ɗaya ne, ki dai rage yawan. Ni kuma na yarda don ya fi na mage araha.

Bayan magariba na ɗiga mata. Wajen ƙarfe 11 'yata ta tashe ni, Mma zo ki ga Toka. Na same ta ƙarƙashin benci kunnuwa na rawa, fatar bayanta na motsi ita kaɗai, yawu na dalala, ta miƙe ta faɗi. Likitan dabbobin da muka samu a waya abin da ya fara tambaya shi ne me aka rubuta a kwalin, da na karanto masa permethrin sai ya ce maza ki wanke ta da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, ki naɗe ta a tawul ki kawo ta yanzu. Haka muka nemi pragya, wato keke mai ƙafa uku, cikin daren nan. Kwana 2 tana can ana mata ƙarin ruwa da allurar tsayar da karkarwa, kuɗin da na kashe ya ninka abin da na so in rage ba adadi.

Shi ya min bayani cewa hantar mage ba ta iya narkar da wannan sinadarin kamar ta kare, kaɗan ma kisa yake yi. Susar kuwa ashe ƙuma ce, jikinta ne bai jituwa da yawun ƙumar, cizo ɗaya ya isa ta yi kwanaki tana susa, shi ya sa ko na duba ban ganin komai. Damina kuma lokacinsu ne saboda laima.

Toh yanzu tun watan Maris nake fara ɗiga mata maganin ƙuma na mage mai sinadarin fipronil duk wata, ban jiran sai ta fara, shimfiɗarta kuma wanki da ruwan zafi duk sati don ƙwan ƙuma a nan yake zubewa. Da hunturu in ƙura ta sa ta atishawa tsumma mai laima kawai nake goge ta da shi. Ko Panadol likitan ya ce kar na kuskura, shi ma guba ne gare ta.

Kwalin nan ban yar ba. Na koma shagon da shi na nuna wa yaron inda aka rubuta da ƙananan haruffa kada a sa wa mage, har yanzu ina jin haushin yadda ya ce min duk ɗaya ne.