Yadda Na Ga Daura A Kwance

Hutun makarantun Ingila yakan kama daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta, shi ya sa duk lokacin da Hausawa mazauna can suka shirya kawo yara ganin gida, tsakiyar damina suke dira. Mu ma haka ta kasance mana. Iyalai ne daga Mancesta da Bamingham da Landan muka yi karo-karo, muka ɗauki hayar bas da jagora, don yaran da aka haifa a can su ga Katsina da Daura da idonsu, su daina jin sunayen a bakin iyaye kawai. Ni haifaffen unguwar Rafindadi ne a birnin Katsina, saboda haka tun kafin a tashi aka ɗora mini rawanin ɗan gari, wanda za a riƙa tambaya ina ne nan, wane ne wancan.

Kafin tafiya kowa ya je asibitin matafiya. Akwai katin rigakafin shawara da Najeriya ke nema a filin jirgi, akwai kuma ƙwayar kariya daga maleriya. Wasu daga cikin manyanmu sun so su yi gardama, wai mu da sauro tare muka tashi. Likitar ta yi musu bayani a tsanake: juriyar da jikin ɗan ƙasar sauro yake tarawa saboda yawan cizo tana zagwanyewa idan ya daɗe a inda babu cutar, kuma mafi yawan waɗanda ake kwantarwa da maleriya a Ingila mutanen da suka je ziyarar dangi a Afirka ne. Najeriya kaɗai tana ɗauke da kusan kashi 1 cikin 4 na masu kamuwa da cutar a duniya. Na karɓi Malarone, wadda ake fara sha kwana 1 ko 2 kafin a shiga ƙasar, a ci gaba kullum, a ƙara kwana 7 bayan an fita.

Katsina ta tafi daidai. Mun kai yara hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsawon kusan mita 15 da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Mun shiga tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Tafawa Ɓalewa da Sardauna suka yi karatu, wadda yanzu gidan adana kayan tarihi ce. Mun tsaya Ƙofar Soro an ɗauki hotuna. Amma aikin gaske shi ne gaishe-gaishe, domin kowane iyali yana da gidan da tilas a leƙa, kowane gida kuma da kwanonsa. Yara an kewaye su da ruwan roba da man wanke hannu, kowa na cewa a bi su a hankali, Turawa ne. Ni kuwa ɗan gida ne. Goggona ta dama fura da kanta ta miƙo mini ludayi, wani gidan zoɓo da ƙanƙara, wani gidan shinkafa da salak. Ba a cewa goggo a'a.

Daga Katsina zuwa Daura tafiyar kusan kilomita 80 ce. Gero ya yi kai, dawa ta rufe gonaki, ko'ina kore shar, yaran da suka zaci hamada za su gani suka manne da taga. Muna wuce Mashi na ji cikina ya fara murɗawa. Na yi shiru, na gyara zama, na ci gaba da amsa tambayoyi.

A rijiyar Kusugu abin ya fito fili. Rijiyar tana cikin gini yanzu, mai kula da wurin kuma ya iya ba da labari: yadda Bayajidda ya taso daga Bagadaza ya biyo ta Borno, yadda maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, yadda ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa ta ce ai macijin nan Sarki ba ya bari a ɗiba sai ranar Juma'a. Ina jin muryarsa tana nisa tana dawowa. Daidai inda Daurama ta aika a nemo wanda ya sare kan macijin, gumi ya jiƙa mini riga, gwiwoyina suka saki. Ana jawo guga ana ba baƙi su kurɓa, ni ko kallon ruwan ban iya ba. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗora wa Kusugu laifi. Ciwon ya riga ni isa bakinta.

Direbanmu, dattijo ne da kowa ke kira Baba, shi ya fara lura. Ya kama hannuna ya fita da ni, ya yi sallama a wani gida da ke kusa ya ce baƙo ne ciki ya matsa masa. Ba a tambayi ko ni wane ne ba, aka kawar da mata gefe, yaro ya kawo buta. Na shiga na fito, na sake shiga. Kafin la'asar amai ya haɗu da gudawa, zazzaɓi ya biyo baya.

A nan ne na gane cewa mara lafiya a cikin ayari ba ya rasa likita, yawa ma suke yi masa. Hajiya, wadda ita ce babba a tafiyar, ta ce a nemo ganyen saɓara a jiƙa, da shi aka raine su. Baba ya ce, "Alhaji, wannan maleriya ce da taifod, mu je kemis a yi maka allura, gobe ka miƙe." Wani abokina ya zaro Imodium, ƙwayar tsayar da gudawa, daga jaka. Kowa da kyakkyawar niyya, kowa kuma ya tabbata nasa ne daidai. Wadda ta raba gardamar ɗiyar wani amini na ce, ma'aikaciyar jinya a Bamingham, yarinyar da aka yi sunanta a gabana. Ta durƙusa ta taɓa goshina ta ce, "Kawu, ka yi haƙuri, yau ni za ka bi." Ta mayar wa abokina ƙwayarsa, ta ce ba a tsayar da gudawa da ita idan akwai zazzaɓi mai zafi ko jini, don tana riƙe cutar a hanji. Ga Baba kuma ta ce ba ta ƙi maganarsa ba, zazzaɓi a damina maleriya ake fara zargi ko mutum yana shan ƙwayar kariya, amma a gwada jini tukuna.

Ina ganin wannan ɗabi'a tamu ta kiran kowane zazzaɓi "maleriya da taifod" tana cikin abubuwan da ke cutar da mu. Mutum ya shiga kemis, a haɗa masa ƙwayoyi kala-kala, in Allah ya sa ya warke a ce magani ya yi, in bai warke ba a ƙaro wasu. Alhali gwajin maleriya na gaggawa ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito.

Haka aka yi mini a asibitin da suka kai ni. Layi ɗaya ya fito, babu maleriya. Likitan, matashi ne mai sanyin magana, ya ce duk da haka za a sake dubawa washegari da madubin likita, tunda gwajin farko yakan iya kuskure cutar idan ba ta yi yawa a jini ba. Baba ya tambaye shi gwajin taifod fa. Ya ce gwajin Widal da aka saba yi yakan nuna akwai ko da babu, ba zai dogara da shi kaɗai ba. Abin da ya fi damunsa ruwan jikina ne. Ya tsunkuli fatar hannuna ya ga ta yi jinkirin komawa, ya duba harshe, ya tambaye ni rabona da fitsari. Aka sa mini ƙarin ruwa. Da aman ya lafa aka koma ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, wanda ake zubawa a lita 1 na ruwa mai tsabta a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Ya ce in babu na ƙunshi, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita 1 ya wadatar. Ɗiyar tawa kuma ta tuna mini abin da ni ban kawo a rai ba: wanda ya yi amai cikin sa'a 1 da shan Malarone sai ya sake shan wata, don ta farko ba ta zauna ba.

Gadajen da ke kusa da nawa yara ne, kusan duka maleriya, uwaye zaune a gefe suna fifita. Wata ta gaya mini ana bi gida-gida duk wata a damina ana ba 'yan ƙasa da shekara 5 maganin kariya, nata ɗan ya haura shekarun ne. Ta yi mini sannu ban san sau nawa ba, ita da ɗanta ke kwance.

Da dare jagora ya zo yana sosa ƙeya. An riga an biya kuɗin bas da masauki, gobe Lahadi ce ranar kasuwar Mai'adua, daga nan a leƙa iyakar Kongwalam yara su hango Nijar. Tsarin tafiyar ayari ba ya barin gurbin rashin lafiya, kuma ba wanda yake son ya zama shi ne ya fara cewa a tafi a bar wane. Na sauƙaƙa musu, na ce su tafi. Hajiya ta ce ba za a bar ni a ɗakin otal ni kaɗai ba, tana da yaya a cikin gari, can za a kai ni in an sallame ni.

Tsohuwar, wadda na kira Inna tun daga gaisuwar farko, ta sa aka share mini ɗakin soro aka ɗaura gidan sauro. Ta ce, "Ɗan nan, a gidan nan ba a kunya, buta na nan, bayi na can." Koko marar yaji take aiko mini da safe, da rana farar shinkafa, ruwa kuma sai wanda aka tafasa, don ɗiyar tawa ta bar mata sharuɗɗa kafin ta hau bas. Ta bi su duka, sai dai ta ƙara da tofi a kofi, ban kuma ga abin da ya hana su zama tare ba.

Kafin azahar labari ya zaga unguwa cewa akwai baƙo daga Ingila ba shi da lafiya, 'yan dubiya suka fara shigowa. Limamin unguwa ya zo ya yi addu'a. Wani tsohon malamin makaranta ya zauna ya daɗe, yana ba ni labarin hawan Sallar Gani da yadda garin yake cika. Wani mai fataucin shanu ya kwashe mini yadda rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 2023 ya karya musu ciniki, ga dangi a tsallake, ziyara ta gagara. Kowa kuma sai ya taɓo jana'izar Buhari ta watan Yulin 2025, inda ya tsaya, da wanda ya hango, da yadda motoci suka toshe gari. Ba wanda ya shigo hannu rabbana: wannan ayaba, wancan lemo, wani kuma sunan wani magani da ya warkar da ƙaninsa. Ina kwance ina cewa da sauƙi, na ji abin da jagoranmu bai tanada a takardarsa ba.

Da magariba ayari ya dawo da ƙura da hotunan raƙuma. Wani yaro ɗan Landan da tun zuwanmu bai yarda ya yi Hausa ba ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Kawu, ya jiki?" Ashe a hanya ya sa Baba ya koya masa.

Gwaji na biyu ma bai nuna maleriya ba, zazzaɓin ya sauka, na koma Katsina a kujerar gaba da gorar ruwan gishiri da sukari a cinya. Na adana rasit ɗin asibiti saboda inshorar tafiya, sai da na koma Mancesta na lissafa na ga duka kuɗin bai kai abin da ake cire wa mutum kafin kamfani ya fara biya ba. A zaurenmu na WhatsApp kuwa har yau ba a rufe shari'ar abin da ya jawo mini ciwon ba. Ɓangaren ƙanƙara ya fi yawa, ɗiyar tawa tana kan salak, Baba yana nan kan bakansa cewa taifod ce gwaji bai gani ba. Wani ya kuskura ya ambaci fura, magana ta kai Rafindadi, goggo ta kira ni da kanta ta ce tun kafin a haifi ubansa take dama fura, a gaya masa ya zo ya sha ya gani.